Kiyaye Yaro Mai Rarrafe a Ƙaramin Gida

Muddin jariri yana kwance inda aka ajiye shi, renonsa da sauƙi. Uwa takan shimfiɗe shi, ta fita tsakar gida ta hura wuta, ta dawo ta tarar da shi yadda ta bar shi. Ranar da ya soma jan ciki wannan sauƙi ya ƙare, kuma ba wanda ke sanin ranar kafin ta zo. Yaron da jiya bai iya matsawa taƙi ɗaya ba, yau sai a waiwaya a gan shi bakin ƙofa yana kama bokiti.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bi girman yara 816 a ƙasashe biyar, har da Gana, ta bayyana sakamakon cikin 2006. An ga cewa yaro lafiyayye yakan fara rarrafe tsakanin wata 5 da wata 13 da rabi, ya fara tafiya shi kaɗai tsakanin wata 8 da kusan wata 18. Kimanin 4 cikin 100 ma ba su yi rarrafe ba sam, miƙewa kurum suka yi. Saboda haka ba a jira sai an ga rarrafe sa'an nan a gyara ɗaki. Da yaro ya kusa wata 5, lokacin gyara ya yi.

Mutane da yawa a biranen ƙasar nan, daga Fagge ta Kano zuwa Sabo ta Ibadan da Agege ta Ikko, suna zaune ne cikin ɗaki ɗaya ko ciki da falo. A irin wannan gida risho, da jarkar kananzir, da bokitin ruwa, da filas, da dutsen guga duk a ƙasa suke, daidai tsawon hannun mai rarrafe. Ba sakaci ke kawo haka ba, rashin wuri ne. To, amma yaro bai san wannan uzuri ba. Idon uwa kuwa, komai kularta, guda biyu ne, ga girki, ga wanki, ga salla. Goyo yana taimako ƙwarai, sai dai ba ya yiwuwa a wuni da yaro a baya, domin a ƙasa ne ƙafafunsa da bayansa suke yin ƙwari. 'Yar raino mai shekara shida ko bakwai ita kanta yarinya ce, wasa na iya ɗauke mata hankali. Abin da ya rage shi ne a gyara ɗakin kansa, watau a ware wa yaro wuri mai tsabta, a kuma kange abubuwan da ke halaka yara.

Wurin yaro

Da farko babba ya durƙusa ya dubi ɗakin daga ƙasa, yadda yaron ke ganinsa. Abin da zai gani ƙarƙashin gado da bayan kabad zai ba shi mamaki: ƙwayar gyaɗa, aya, ƙwallon dabino, ɓarin goro, maɓalli, tsabar kuɗi, ɗan kunne, ƙwayar magani da ta faɗi tun makon jiya. Mai rarrafe da baki yake sanin abu, kuma kowanne cikin waɗannan ya isa ya shaƙe shi. Mafi sharri shi ne ƙaramin batiri mai kama da maɓalli, irin na agogon hannu da kayan wasa. In ya maƙale a maƙoshi yana iya ƙone shi cikin awa biyu, alhali yaron yana numfashi kamar ba abin da ya faru. Wanda aka yi zaton ya haɗiye shi, asibiti nan take.

Ƙurar ƙasa ma abin lura ce. Cikin 2010 yara fiye da 400 suka rasu a Jihar Zamfara, a yankunan Anka da Bukkuyum, saboda gubar dalma daga duwatsun zinariya da ake niƙawa cikin gidaje. Ƙanana ne abin ya fi ci, domin su ne ke wasa a ƙasa suna kai hannu baki. Duk sana'ar da ke tada ƙura ko ke aiki da guba, kamar fasa tsofaffin batura ko haɗa sabulu da soda, kada a yi ta inda yaro ke rarrafe.

Bayan shara sai a zaɓi kusurwa ɗaya, nesa da wayar lantarki, da labule, da igiyar gidan sauro. A shimfiɗa tabarma ko leda. Kafintan unguwa yana iya haɗa shinge da katako, a karkara kuwa tukurwa ko gora sun wadatar in an kankare su sumul. Akwai ƙa'idodi da ba a wasa da su. Sandunan su kasance a tsaye, domin na gicciye tsani ne ga yaro. Tazarar da ke tsakaninsu kada ta wuce santimita 6, gama in ta fi haka jikin yaro yana iya zurarewa kansa ya maƙale. Hanyar gwaji mai sauƙi ita ce, in gwangwanin lemo ya wuce ta tsakani, to, tazarar ta yi yawa. Tsawon shingen ya kai aƙalla santimita 50, watau kamar kamu guda, ya kuma tsaya daram yadda ba zai faɗi ba in yaro ya kama ya miƙe. A duba kada ƙusa ta leƙo. Gara a bar katako ba fenti da a shafa masa fentin da ba a san irinsa ba, domin yaro zai gwagwiye shi, kuma akwai fenti mai dalma. Kada a tara matasai a ciki; yaro yakan taka su ya haura, ko ya kifa fuska a kai barci ya ɗauke shi.

Shinge na ɗan lokaci ne, sa'ad da ake sauke tukunya, ko ana guga, ko an shiga wanka. Ba kurkuku ba ne. Yaron da ya wuni a ciki ba ya samun sararin motsa jiki, kuma ko yana ciki lalle ne a riƙa ganinsa ko jin motsinsa. Ranar da aka ga ya ɗora ƙafa yana neman haurawa, amfanin shingen ya ƙare.

Inda ɗakin ya yi ƙanƙanta har ba wurin shinge, sai a mai da ɗakin duka wurin yaro, a fitar da girki waje, a sa rabin ƙofa a bakin ɗaki. Wannan ma ya fi, domin iska na shiga, uwa na hangen ɗanta, shi kuma yana da filin yawo. Asabari da labule ba sa tare kowa. A gidan haya, inda maƙwabta ke jera rishonsu a baranda, rabin ƙofa ita ce tsakanin yaro da tukunyar da ba ta uwarsa ba. Masu zama a bene su sa irinta a kan matakala, a ɗaure ta da bango sosai.

Dabarun da ba su da kyau

Wasu sukan ɗaure ƙafar yaro da zane a jikin gado. Yaro yana juyi, zanen yana iya naɗe masa wuya. Wasu kuma sukan zaunar da shi cikin baho ko kwali, kamar yadda aka saba lokacin koyon zama. Mai rarrafe kifar da shi zai yi. Gado mai tsawo da aka kewaye da matasai shi ma ba tsaro ba ne. Kulle yaro shi kaɗai a tafi kasuwa kuwa, in gobara ta tashi babu mai ceto.

Sai keken nan na zamani da ake zaunar da yaro a ciki ƙafafunsa na taɓa ƙasa. Iyaye suna sayensa da tsada suna zaton yana tsare yaro, yana kuma koya masa tafiya. Ko ɗaya ba ya yi. Sauri yake ƙara masa fiye da yadda babba zai cim masa, ya ƙara masa tsawo har hannunsa ya kai kan tebur, ya kuma kife da shi a dokin ƙofa ko matakala. Saboda yawan raunukan da ya jawo, ƙasar Kanada ta hana sayar da shi tun 2004. Kuɗinsa gara a kai wa kafinta.

Wuta da ruwa da guba

Hausawa na cewa yaro bai san wuta ba sai ya taka. Ba a gwada wannan magana a kan ɗan wata takwas, wanda fatarsa ba ta kai ta babba kauri ba. Ruwan shayin da zai sa babba ya yarfa hannu kawai yana iya saɓule masa fata. A ɗora risho a kan abu mai tsawo wanda ba ya girgiza, ko a kewaye murhu da bulo. Tukunyar da aka sauke ba a ajiye ta a hanya. In za a haɗa ruwan wanka, a fara zuba na sanyi. Lokacin hunturu kaskon wuta cikin ɗaki yakan jawo ƙuna mai yawa, ban da hayaƙin gawayi da ke kashewa a rufaffen ɗaki. In ƙuna ta auku, a riƙa kwarara ruwa mai sanyi a wurin har minti 20, ba ƙanƙara ba, a lulluɓe sauran jikin yaron, a kai shi asibiti. Kada a shafa man goge baki, ko ƙwai, ko gishiri, ko baƙin mai.

Ruwa ya fi wuta yaudara, domin ba ya sa kuka. Kan mai rarrafe yana da nauyi bisa ga jikinsa. In ya leƙa bokiti ya zurma, ba ya iya fitowa, kuma ruwan da zurfinsa bai wuce santimita 5 ba ya isa. Bokiti da baho a zubar a kife da zarar an gama, wanda aka tara ruwa a ciki kuma a rufe shi da murfi mai nauyi. Rijiya da kwatami da bakin masai na kowa ne a gidan haya, shi ya sa kowa ke jiran wani ya gyara. Wajibi ne mai gida da 'yan haya su haɗa kuɗi a yi wa rijiya murfi mai sakata, ko da a gidan yaro ɗaya ne tak.

Kananzir cikin kwalbar lemo ko gorar ruwa ya daɗe yana kai yara asibiti a ƙasar nan. Shi da fiya-fiya, da shinkafar ɓera, da ruwan wanke tufafi, da magungunan manya, wurinsu sama ne ko akwati mai kwaɗo. In yaro ya sha kananzir, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja ko madara. Haɗarin kananzir a huhu yake, amai kuwa shi ke kai shi can. A cire masa rigar da ta jiƙe, a tafi asibiti da shi tare da kwalbar, ko da ana ganin kamar ya warware.

Gyaran nan ba a yinsa sau ɗaya a huta. Mai rarrafe na yau, bayan 'yan makonni zai kama gado ya miƙe, abin da ke kan kujera da ƙaramin tebur ya shigo hannunsa. Zai ja mayafin tebur da abin da ke kansa, ya ja wayar dutsen guga, ya rataya jikin kabad ɗin da aka jera kwanuka. Kabad da talabijin a ɗaure su da bango. Kowane wata babba ya sake durƙusawa ya duba ɗakin, yana ƙara taƙi ɗaya bisa inda hannun yaron ya kai a watan da ya wuce.