Wanda Ya Bar Nama, Ina Zai Ci Abinci a Kumasi?

Jama'a, akwai dattawanmu da likita ya hana nama, akwai kuma baƙin da ba su cin ko kifi. To, ga shawara. Da safe a nufi masu koko da ƙosai a Aboabo. Da rana akwai tubani, da shinkafa da wake, watau waakye.

Amma a yi hattara. Shito da busasshen kifi ake haɗa shi, miyar waakye kuwa sau da yawa da ganda ake dafa ta. Miyar ganyen gwaza ma Tonawa sukan jefa mata kifin gishiri.

Kada a ji nauyin cewa, "Hajiya, me kika sa a miya?" Matambayi ba ya ɓata. Allah ya ƙara mana lafiya.