Gishiri, Dunƙule da Kanwa: Abin da Ke Taruwa a Tukunya Guda

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade cewa bai kamata gishirin da baligi ke ci a rana ya kai giram 5 ba, wato abin da bai cika cokalin shayi ɗaya ba, amma ƙiyasinta ya nuna cewa matsakaicin abin da mutanen duniya ke ci ya kusa giram 11. Abin da likitoci ke sa wa ido a cikin gishiri shi ne sodiyam, sinadarin da ya kai kashi 40 cikin 100 na nauyinsa, wanda jiki ba ya rayuwa sai da shi, domin da shi ne jijiyoyi ke isar da saƙo, tsoka kuma take motsi, sai dai abin da ake bukata ɗan kaɗan ne ƙwarai.

Ɗabi'ar sodiyam ita ce riƙe ruwa, saboda haka idan ya yi yawa fiye da abin da ƙoda ke iya tacewa ta fitar a fitsari, sai ruwan da ke cikin jini ya ƙaru, zuciya ta riƙa bugawa da ƙarfi don ta tura shi, bangon hanyoyin jini kuma ya yi ta kauri yana ƙanƙancewa a hankali. Wannan shi ne tushen hawan jini, wanda ake tabbatarwa idan awo ya tsaya a kan 140 bisa 90 ko sama da haka, kuma yakan yi shekara da shekaru a jikin mutum ba tare da wata alama ba, har sai ranar da ya bayyana da shanyewar ɓarin jiki, ko gazawar zuciya, ko lalacewar ƙoda. An kuma lura cewa baƙar fata da tsofaffi jininsu ya fi saurin hawa saboda gishiri.

A ƙasashen Turai da Amurka mafi yawan sodiyam daga abincin masana'anta yake fitowa, irin su burodi da cuku da naman gwangwani, amma a ƙasar Hausa daga madafa yake fitowa, kuma ta ƙofofi uku ne, alhali uwargida ɗaya kawai take lissafawa. Takan zuba gishiri da hannu a miyar kuka, ta murmusa dunƙulen magi uku ko huɗu a kai, ba tare da an taɓa gaya mata cewa kusan rabin nauyin kowane dunƙule gishiri ne ba, sannan a kawo yaji wanda shi ma da gishiri da magi aka daka shi, a barbaɗa wa shinkafa da wake ko ɗanwake. Mai hawan jinin da ya ce ya daina cin gishiri, alhali an ninka masa dunƙule don miya ta yi armashi, bai rage komai ba.

Ƙofa ta uku, bayan gishiri da dunƙule, ita ce kanwa, wadda ba a ɗaukar ta a matsayin gishiri don ɗanɗanonta dabam ne, ga shi kuwa sodiyam ne jigonta. Ɗan abin da ake jefawa don wake ya nuna da wuri ko miyar kuɓewa ta yi yauƙi ba shi ne babban abin damuwa ba; inda lamarin ya yi tsanani shi ne jego. A shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, musamman Davidson da Parry, sun yi rubutu a kan yawaitar gazawar zuciya ga matan da suka haihu a yankin, inda suka danganta ta da kunun kanwa da ake ɗirka wa mai jego, haɗe da wankan ruwan zafi da kwanciya a kan gadon ƙasa da aka hura wuta a ƙarƙashinsa har tsawon kwana arba'in. Mace takan zo da kumburin ƙafafu da sarƙewar numfashi, domin, a ganin likitocin, an ɗora wa zuciyar da ba ta gama farfaɗowa daga ɗawainiyar ciki ba nauyin ruwan da ya fi ƙarfinta. Binciken baya-bayan nan ya nuna cewa akwai wasu dalilan ban da kanwa.

Rage gishiri ba ya nufin barin sa gaba ɗaya, tun da a Nijeriya tun shekarar 1993 aka wajabta sanya masa sinadarin aidin, wanda ke hana maƙoƙo kuma yake taimaka wa ƙwaƙwalwar yaro ta ginu, don haka ɗan abin da za a ci gara ya kasance mai aidin ne. Harshe kuwa yana sabawa cikin 'yan makonni idan an bi a hankali, musamman idan daddawar kalwa da citta da tafarnuwa da albasa suka cike gurbin dunƙule, aka kuma yawaita wake da zogale da alayyahu, waɗanda ke ɗauke da fotasiyam, sinadarin da ke taimaka wa ƙoda wajen fitar da sodiyam. Wani babban gwaji da aka yi a ƙauyuka 600 na ƙasar Sin, aka buga sakamakonsa a 2021, ya nuna cewa maye gurbin kashi ɗaya bisa huɗu na gishiri da fotasiyam ya rage shanyewar ɓarin jiki da kashi 14 cikin 100, sai dai irin wannan gishiri yana da haɗari ga mai ciwon ƙoda da wanda ke shan wasu magungunan hawan jini, waɗanda dole su nemi shawarar likita kafin su fara amfani da shi.