Madannan Kwamfuta Masu Lotsawa: A Duba Kusa Da Batir Kafin A Sayi Sabo

Duk wanda ya ratsa ta Yalwa ko Gwallameji a birnin Bauchi a lokacin da ɗalibai ke haɗa kundin kammala karatu, zai tarar da shagunan buga takardu cike maƙil, kowa da kwamfutarsa ta tafi-da-gidanka a kan cinya ko a kan benci. In ya kasa kunne kuwa, zai ji wasu daga cikin na'urorin nan suna wata irin ƙara, kacau-kacau, sai ka ce tafiretan akawun En'e na zamanin da. In kuma ya matsa kusa, sai ya ga tsakiyar allon madannan yana lotsawa duk sa'ad da yatsa ya sauka a kansa, sa'an nan ya ɗago in an ɗaga.

Wannan matsala ba ta hana kwamfuta tashi, shi ya sa mutane da yawa kan yi ta lallaɓawa da ita. To amma fa a garin da ke da Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa, da Kwalejin Fasaha ta Tarayya, da ta Abubakar Tatari Ali, madannai ba abin wasa ba ne. Tun daga shekarar 2015 Hukumar JAMB ta mai da jarrabawarta gaba ɗaya ta kwamfuta, kuma ɗalibi na iya amsa tambayoyinsa da 'yan haruffa kaɗan, watau A, B, C da D don zaɓen amsa, N don ci gaba, P don komawa baya. Harafi guda in ya maƙale, ya isa ya dagula wa yaro lissafi. Ga kuma tsada. Tun da aka saki darajar naira a watan Yuni na 2023, har dala ta haura naira 1,500 a farkon 2024, duk wani ƙarfe ko roba da ake shigowa da shi daga waje ya yi tashin gwauron zabo. Saboda haka ya kamata mai kwamfuta ya san abin da ke damun kayansa tun kafin a ce masa ya kawo kuɗin sabo.

Allon madannai na irin wannan kwamfuta faranti ne na ƙarfe, siriri ƙwarai. A kansa akwai shimfiɗar leda mai ɗauke da hanyoyin lantarki, a ƙarƙashin kowane harafi kuma akwai 'yar roba mai kama da ƙoƙo wadda ke mai da harafin sama bayan an danna, da wasu 'yan sanduna biyu na roba da aka gitta kamar almakashi. Farantin nan ba shi da ƙarfin kansa. Ƙarfinsa duka yana ga abin da ya ɗaure shi da jikin kwamfutar. In ɗaurin ya saki, sai a sami rata tsakaninsa da abin da ke ƙarƙashinsa, kuma ratar nan ita ce uwar lotsawa, ita ce kuma uwar ƙara, domin kowane danni ƙarfe ne ke bugun ƙarfe.

A nan ne tarihin kwamfutar ke shigowa. Akasarin waɗanda ake sayarwa a shagunan Wunti da sauran sassan gari na hannu ne, waɗanda suka gama aiki a ofisoshin Turai da Amurka, suka sauka a Ikko, suka bi ta kasuwar kwamfuta ta Ikeja ko ta Kano kafin su iso Bauchi. A kan wannan doguwar hanya an buɗe su ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba: wannan ya canza ma'ajiya, wancan ya ƙara ƙwaƙwalwa, wani ya wanke fanka. Kuma ba kowane mai buɗewa ne ke mai da kusoshi daidai yadda ya same su ba. A tsofaffin samfura na ofis, irin su Dell Latitude da HP EliteBook da Lenovo ThinkPad, kusoshi biyu ko uku ne kawai ke shiga ta ƙasa su riƙe allon madannai, kuma sau da yawa akwai ɗan zanen madannai a gefen raminsu. Mutum na iya juya kwamfutarsa ya duba da idonsa. In ramin fayau yake, to an gano ciwon, kuma maganinsa bai kai kuɗin cajin waya na mako guda ba. Sai dai a kula da tsawon kusar. Wadda ta fi ramin tsawo tana iya zarcewa ta huda babban allon injin, wanda masu gyara ke kira bod, gyaran gangar auzinawa ke nan.

Sababbin samfura marasa kauri su ne masu wuyar sha'ani. A cikinsu ba a ɗaure madannai da kusa ba, an kafe su ne a jikin murfin sama da ɗimbin 'yan ƙusoshin roba da aka narka kawunansu. Mai gyaran da zai canza irin wannan allo dole ya kwance kwamfutar kaf, ya yanke kawunan nan ɗaya bayan ɗaya, sa'an nan ya sake narka su da ƙarfen soda. Mai haƙuri yakan bi su duka. Mai gaggawa kuwa yakan narka na gefe ya bar na tsakiya, ko ya ɗiga gam ya rufe, bayan 'yan makonni sai tsakiyar ta fara rawa. Wanda aka canza wa madannai kwanan nan kuma ya ga suna lotsawa, hakkinsa ne ya koma shagon ya nemi a kammala aikin da aka biya.

Idan kusoshi sun cika amma ratar tana nan, dabarar da aka saba yi ita ce a ɗaga allon a liƙa salatif siriri mai gam fuska biyu, ko ɗan soso marar kauri, a daidai inda yake lotsawa. Dabara ce mai kyau, in an yi ta da hankali. Kafin a taɓa kome sai a zare caja a cire batir. Kada a cusa wani abu na ƙarfe, ko takardar gwangwani ta kwalin taba, don tana ɗaukar wuta. Kada a toshe ramukan iska, domin wasu samfura ta tsakanin haruffa suke shaƙa, wasu kuma suna da 'yar magudanar da ke fitar da ruwa in ya zube. Sa'an nan igiyar nan mai faɗi kamar kirtanin leda da ta haɗa madannai da bod, makullinta ɗan ƙarami ne, da farce ake ɗaga shi, ba da sukundireba ba.

Manyan haruffa kuwa, kamar doguwar sandar ba da tazara da Enter da Shift, ƙararsu dabam ce. Akwai 'yar wayar ƙarfe a ƙarƙashinsu mai daidaita su, in ta zame daga mazauninta ko ta bushe sai ta riƙa kaɗawa. A mai da ita wurinta, a shafa mata man silikon kamar ƙwayar gero, shi ke nan. Man gyaɗa da baƙin mai ba su da wuri a nan, don kuwa ƙura kawai za su tara.

Ƙurar ma babi ce guda. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hazon hunturu ba ya barin kome a Bauchi, kuma ɗan tsakuwa guda in ya shiga ƙarƙashin almakashin nan ya isa ya sa harafi gurzawa. Kada wani ya ɗauka wannan ciwon talaka ne kawai. Kamfanin Apple da kansa ya fito da wani salon madannai marasa kauri a 2015, ƙura ta riƙa maƙale su, har ya buɗe shirin gyara kyauta a 2018, ya watsar da salon a 2020, ya kuma yarda ya biya dala miliyan 50 a 2022 don sasanta ƙarar da masu saye suka kai shi a Amurka. Buroshi mai laushi da abin hura iska sau ɗaya a mako, da rufe kwamfuta in an tashi, sun fi gyara sauƙi.

Amma akwai wata lotsawa da ba lotsawa ba ce, kuma ita ce ta fi cancantar a tsaya a kanta. A kwamfutocin da batirinsu ke ciki, batirin yana kwance ne a ƙarƙashin inda ake ɗora hannu. In ya tsufa, ko zafi ya dafa shi, sai iska ta taru a cikinsa ya kumbura kamar burodi, ya turo madannai da allon linzami sama. Mai kwamfuta sai ya ji haruffa suna motsi a ƙarƙashin yatsunsa, ya zaci sakin kusa ne. Zafin Maris da Afrilu a Bauchi, wanda kan kusanci digiri 40, da barin na'ura a jone dare da rana, da caja marar asali, duk suna gaggauta wannan. Alamominsa a fili suke: a ɗora kwamfutar a kan tebur a dube ta ta gefe. In tsakiyarta ta yi tudu, ko murfi ya ƙi rufuwa daidai, ko allon linzami ya yi tauri ba ya dannuwa, ko gefen jikinta ya fara rabuwa, to ba aikin salatif ba ne. Wanda ya ƙara ɗaure kusa a kan kumburarren batir yana matse abin da ke iya kamawa da wuta ne, kuma haɗarin batirin litiyom ba tatsuniya ba ce: a watan Agusta na 2006 kamfanin Dell ya janye batura miliyan 4.1 daga hannun jama'a saboda fargabar gobara. Irin wannan batir a kashe kwamfutar nan take, a daina yi mata caji, a kai ta a cire shi. Ba a huda shi don a fitar da iskar, ba a kuma jefa shi cikin sharar da za a cinna wa wuta a bayan gida.

In kuwa ruwa ko shayi ya riga ya ci hanyoyin lantarkin ledar, har wasu haruffa sun mutu, to sai sabo. A nan ma a duba lambar da ke manne a bayan tsohon allon, a kuma lura da siffar Enter, domin na Ingila doguwa ce mai lanƙwasa, ta Amurka kuwa kwance take, kuma a samfura da yawa ɗaya ba ta shiga gurbin ɗaya. Kafin a bar shagon, a buɗe shafin rubutu a danna kowane harafi a gaban mai gyara, tun daga layin lambobi har zuwa sandar tazara.