DIFA: IN FIRIGO YA FARA ƘARA, A SAURARA KAFIN A BUƊE ALJIHU

Duk wanda ya taɓa yin watan Afirilu ko na Mayu a Difa ya san darajar ruwan sanyi. Tun da hantsi rana ke buɗe wuta, kafin azahar zafi ya haura digiri 40. A gidajen ma'aikata da na ƴan kasuwa, firigo ne ke tsare cefane, da ɗanyen kifin Komadugu, da maganin da likita ya ce a ajiye cikin sanyi. A wurin uwargida kuwa shi ne kantinta: ƙanƙara a leda, lamurje, zoɓo, waɗanda yara ke kaiwa tasha da kasuwa, inda manoman tattasai na bakin kogi ke neman abin jiƙa maƙoshi. In azumi ya zo, cinikin ƙanƙara kaɗai kan ɗauki kuɗin cefane.

Shi ya sa daren da firigo ya fara karkarwa, barci kan gagari maigida. Sabo yana da tsada, Yamai kuma tana nesa da fiye da kilomita 1300. Kayan gyara daga Damagaram, Kano ko Maiduguri suke zuwa, kuma tun watan Fabrairu na 2015, lokacin da hare-haren Boko Haram suka iso Difa da Bosso, fataucin ƙetaren kogi bai koma yadda yake a da ba. Amma yawancin ƙarar nan mai tayar da hankali, gyaranta bai kai a kashe ko dala ba, in dai an san daga ina take fitowa.

Ƙarar da ba ta ciwo ba ce

Firigo mai lafiya ma yana da muryarsa. Akwai gunjin inji a hankali, wanda kan tashi ya tsaya. Akwai wani sauti kamar ruwa na gudu cikin tiyo: gaz ne ke zagayawa. Akwai kuma ƴar ƙara guda, ƙas, lokacin da sanyi ya kai inji ya tsaya. Waɗannan duka alamun aiki ne. Wadda ke son bincike ita ce baƙuwar ƙara, wadda jiya babu ita.

A fara da ƙasa

Gwajin farko na hannu ne. Lokacin da ƙarar ke tashi, sai mutum ya dafa firigon da ƙarfi. In ta yi shiru, zama ne bai daidaita ba. Daɓen gidaje da yawa a Difa bisa rairayi yake, siminti kan lotsa, ƙafa ɗaya ta rataya. Ƙafafun gaba na yawancin firigo ana murɗa su su hau ko su sauka. In babu, ɗan katako ya isa. Iyalan da ambaliyar Komadugu ta 2019 da ta 2022 ta tilasta wa kwashe kaya sun ga haka: firigon da ya sha amalanke ba ya komawa mazauninsa daidai. Wanda aka ɗauko a kwance kuma, a bar shi tsaye na awoyi kafin a ba shi kuran, don man inji ya koma wurinsa.

Daga nan sai a sauke kwanuka da tire da aka jera a kansa, a raba kwalaben da ke gugar juna a ƙofa. Sau da yawa bincike a nan yake ƙarewa.

A leƙa baya

In ƙarar ta ci gaba, a zare waya daga bango tukuna, sannan a janyo firigon. A ƙasa akwai baƙin inji mai kama da tukunya, wanda masu gyara ke kira kwamfiresa. Yana zaune bisa robobi huɗu. Zafi da tsufa kan busar da su, ƙarfe ya riƙa bugun ƙarfe. A bisansa akwai faranti na roba mai tarar ruwa, shi ma kan kwance ya yi ta rawa. Siraran tiyon da ke fita daga inji kan taɓa juna ko jikin firigo. A raba su a hankali da guntun roba, kada a lanƙwasa su, domin in ɗaya ya tsage gaz ya tafi.

Ƙurar hunturu ita ma tana da nata laifi. Tana lulluɓe ragar ƙarfen da ke baya, wadda ta nan zafi ke fita, sai inji ya yi ta aiki babu hutu, ƙara ta ƙaru, takardar NIGELEC ta yi nauyi a ƙarshen wata. Tsintsiya mai laushi da tazarar kamar santimita 10 tsakaninsa da bango su ne magani.

Wuƙa ba ta shiga firigo

Wasu firigo suna da ƴar fanka a ɗakin ƙanƙara. In ƙarar ta tsaya da zarar an buɗe ƙofa, ta dawo in an rufe, fankar ce ke bugun ƙanƙarar da ta taru. A kashe, a kwashe kaya, a bar ƙofa buɗe har ta narke da kanta. Gaggawar saran ƙanƙara da wuƙa ta kashe firigo masu yawa, domin tiyon gaz yana nan kwance ƙarƙashinta. Garin neman gira a rasa ido. Gaz ɗin sababbin firigo ma, mai suna R600a, yana kama wuta.

Ƙarar da ba a wasa da ita

Akwai wadda ke son a kira mai gyara tun da wuri: inji ya yi gunji na ɗan lokaci, ya yi ƙas ya tsaya, bayan minti biyu ko uku ya sake, sanyi kuma babu. Injin ne ke son tashi yana kasawa. Ko dai ɗan abin tayar da shi, rele, ya ƙone, wanda canjinsa ba shi da tsada, ko kuwa kuran ya yi rauni. An ƙera firigo don bolt 220, a bazara kuwa, lokacin da kowa ke ja, ƙarfin kan ragu. In aka bar shi yana wannan fama, injin ne zai ƙone, kuma shi ne mafi tsada a jikin firigo. A zare waya nan take. In kuran ya ɗauke ya dawo, a jira minti 5 kafin a mayar. Mai sayar da ƙanƙara da ya sayi regilatar, jarinsa ya tsare.

In kuwa bugu ne mai ƙarfi daidai lokacin da inji ke tsayawa, sifirin ɗin da ke riƙe shi cikin tukunyarsa ne ya saki. Tukunyar a like take, ba a buɗe ta a gida. Yana iya daɗewa yana aiki haka, amma a fara tanadi.

Batun "gaz ya ƙare"

Nan ne kuɗin jama'a ke zuba. Gaz ɗin firigo ba ya ƙarewa kamar na girki, zagaye yake yi cikin rufaffen tiyo shekara da shekaru. In ya ragu, akwai huda. Ɗura sabo ba a toshe ta ba, zuba ruwa ne a rariya. Kuma karkarwa ba alamar rashin gaz ba ce. Sannan gaz iri-iri ne: tsofaffin firigo na R12 ne, wanda yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta sa aka daina saboda ɓarnar da yake yi wa sararin sama, ƙasashe masu tasowa kuma wa'adinsu ya cika a 2010. Bayansa R134a da R600a suka zo, kuma ba a gauraya su. Sunan wanda ya dace yana rubuce a jikin inji.

Difa tana da masu gyara da suka san aikinsu. Irinsu kan fara da tambayar yaushe ƙarar ke tashi, su duba zama, su auna kuran, kafin su ambaci farashi. Maigidan da ya riga ya saurari firigonsa, ya san ko daga ƙasa ne, ko baya, ko ciki, zai ba da amsa daidai, ya biya kuɗin abin da ya lalace kawai, ƙanƙarar uwargida kuma ta isa kasuwa da safe.