Turmi A Kan Dandamali: Matan Da Suka Riƙe Bikin Hamada Na Mali

Duk wanda ya ji an ambaci Bikin Hamada na ƙasar Mali, wanda Faransawa ke kira Festival au Désert, abin da ke fara zuwa masa a rai shi ne maza masu rawani da amawali, rungume da jitar lantarki. Ba laifinsa ba ne, domin hoton da jaridun Turai suka yi ta yaɗawa ke nan tun da ƙungiyar Tinariwen ta yi suna. Sai dai ni a ganina, wanda ya tsaya a nan ya ga rassa ne bai ga saiwa ba. Kiɗan hamada na mata ne tun asali, kuma wannan biki na daga cikin wurare ƙalilan da suka bari aka ga haka a bainar jama'a.

An fara bikin a 2001 a Tin Essako, cikin yankin Kidal, shekara biyar bayan an ƙona makamai kusan 3,000 a Tambutu a watan Maris na 1996 domin rufe babin tawayen Azbinawa. Daga 2003 ya zauna a Essakane, wani wuri mai tuddan farin rairayi da ke da nisan kilomita kusan 65 daga Tambutu, ƙarƙashin jagorancin Manny Ansar. Tushensa kuwa tarukan makiyaya ne na shekara-shekara, inda ake sasanta rigingimu, a yi tseren raƙuma, a ƙulla aure. To, a irin waɗannan taruka, wa ke kiɗa?

Mata ne. Gangar da ake kira tinde ba wata aba ba ce illa turmin daka, a rufe bakinsa da fatar akuya, a riƙa yayyafa mata ruwa don ta yi taushi. Mata su zauna a kewaye suna tafi, ɗaya na bayar da waƙa saura na amshi, mazan kuma su yi ta kewaya su a kan raƙuma. In an tashi sai a kwance fatar, turmi ya koma ga geronsa. Akwai kuma imzad, ɗan'uwan gogenmu mai tsirkiya ɗaya, wanda a al'adarsu mace kaɗai ke goga shi, kuma abin girmamawa ne ƙwarai. Hukumar UNESCO ta sanya shi cikin gadon al'adun duniya a 2013 da sunan Aljeriya da Mali da Nijar. Dubi ikon Allah: abin da mu muka bar wa maza, har muke yi masa kallon hadarin kaji, su can 'ya'yan manyan gida ne ke taƙama da shi.

Ƙungiyar Tartit ce ta ɗauki wannan turmi ta hau da shi dandamali. Sunan na nufin haɗin kai, kuma a sansanonin gudun hijira na shekarun 1990 ta samo asali. Jagorarta, Fadimata Walet Oumar, wadda aka fi sani da Disco, ta kai su wani bikin mawaƙa mata a birnin Liyej na Beljiyam a 1995, tun kafin a san za a yi wani abu a Essakane. A zaune suke waƙa, matan fuska a buɗe, mazan da ke rakiyarsu a rufe. Na sha sauraren faifan da aka naɗa a bikin 2003, wanda ya haɗa Ali Farka Toure da Robert Plant na Ingila da Oumou Sangare, kuma duk lokacin da aka zo kan Tartit sai in ji kamar an kashe janareta an koma gindin tanti. Babu abin da ya rage sai tafi da fata da murya, amma ba su bar wa masu lantarki komai ba.

Khaira Arby kuwa ta bi wata hanya dabam. 'Yar Tambutu ce, tana waƙa da Sonrai da Tamashek da Larabci da Bambara, a tsaye gaban samari masu jita da ganguna, ita ce ke ba su umarni. An yi mata aure da ƙuruciya, mijin ya hana ta waƙa, auren bai ɗore ba, ta koma ga sana'arta. Shekara da shekaru ana ganin ta a wannan biki, kuma mutanen garinta ba sa ɗaukar an yi shi in ba ta hau ba.

Daga nan al'amura suka dagule. A 2010 rashin tsaro ya sa aka dawo da bikin bakin garin Tambutu. Na ƙarshe shi ne na Janairun 2012, kwanaki kaɗan kafin sabon tawaye ya ɓarke. A watan Afrilu garin ya faɗa hannun masu ɗauke da makamai, a watan Agusta kuma aka yi shelar haramta kiɗa daga Gao. An lalata kayan kiɗan Khaira, aka yi barazanar yanke mata harshe, ta tsere Bamako. Disco ta sake komawa sansanin gudun hijira a Burkina Faso, karo na biyu a rayuwarta. Manyan mawaƙa maza da ke da dillalai a Turai sun ci gaba da yawon duniya. Matan karkara masu tinde, waɗanda ba su da fasfo balle dillali, filin da ake jin su ke nan a shekara, kuma shi aka rufe. Khaira ta rasu a Bamako a watan Agustan 2018, bikin kuwa har yau bai koma Essakane ba.

Mai karatu zai iya cewa ina ruwan Bahaushe da wannan. Ai kuwa da ruwansa, har da tsaki. Masu tinde na kifa ƙwarya a kan ruwa su kaɗa, daidai yadda masu amada ke yi a gidajen bikinmu. Hajiya Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, da ƙore da muryarta ta yi shekaru tana faɗa wa mata su tashi su nemi sana'a. Muna da lugude, muna da shantu. Muna kuma da manyan bukukuwa na fili, irin su na kamun kifi a Argungu da hawan salla a Kano da Katsina, amma in ka duba jerin makaɗansu za ka tarar kusan duk maza ne. Ban ce a fito da kowace mace fili ba, kowane gari da al'adarsa. Cewa nake yi wadda ta riga ta zaɓi wannan sana'a, me zai hana a ba ta lasifika mai kyau, a kuma naɗi muryarta a adana kafin ƙasa ta rufe ta?

Maƙwabtanmu na Nijar sun ɗan gwada. A ƙauyen Illighadad, kusa da Abalak a jihar Tawa, wata yarinya mai suna Fatou Seidi Ghali ta koyi jita a ɓoye da ta yayanta. Faifan farko na ƙungiyarta, Les Filles de Illighadad, ya fito a 2016, kuma gida biyu aka raba shi: gefe ɗaya jita, ɗaya gefen kuma tinde zalla, da matan ƙauyen suna amshi.