Lalle da Alƙalami: Hotunan Lalla Essaydi

Lalla Essaydi mai ɗaukar hoto ce 'yar Maroko, an haife ta a Marrakesh a 1956. Ta daɗe a Saudiyya kafin ta koma Amurka, inda ta kammala digiri na biyu a fannin zane a Boston a 2003. Abin da ya fito da sunanta shi ne hotunan mata da ta lulluɓe da rubutun Larabci tun daga goshi har tafin ƙafa.

Takan ɗura kwaɓaɓɓen lalle a sirinji ta yi ta rubutu a fuskokin matan da hannuwansu, da farin ƙyallen da suka yafa, har da bango. Aikin kan ci sa'o'i, matan na zaune. Rubutun ba aya ba ce kuma ba hadisi ba, tunaninta ne na kanta, layi ya hau kan layi har ba ya karantuwa sosai.

A nan gizo ke saƙa. A al'adar Maroko, kamar a ƙasar Hausa, ƙawata rubutun Larabci aikin maza ne, na malamai da marubuta Alƙur'ani. Lalle kuwa na mata ne, na ƙunshin amarya da kwalliyar salla. Essaydi ta yi rubutun maza da tawadar mata. Jerin hotunanta mai suna Converging Territories ma a wani gidan danginta ta ɗauke shi, inda a da ake killace macen da ta yi laifi, ita kanta an taɓa kai ta can tana yarinya.

Sai dai ba da mutanen gida kaɗai take magana ba. A ƙarni na 19 masu zanen Faransa sun cika Turai da hotunan matan Musulmi kwance a turaka, suna jiran mai kallo. Ingres, wanda ya zana La Grande Odalisque a 1814, bai taɓa taka ƙasar Larabawa ba. A zanen matan Aljiyas da Delacroix ya yi a 1834, shekara huɗu bayan Faransa ta mamaye birnin, farare uku na zaune, baƙar mace na tsaye a gefe a matsayin baiwa. Launin fata ne ya raba musu matsayi.

A jerin Les Femmes du Maroc, Essaydi ta maimaita irin wannan zama da kwanciya, amma ta suturta matan, ta cire kayan alatun, sau da yawa kuma ta sa su zuba wa mai kallo ido. Akwai abin dubawa a nan: hotunan sun yi kyau ƙwarai, har mai saye a Turai na iya rataye su don sha'awar da Essaydi ta zo suka. Wannan ƙorafi na da ƙamshin gaskiya, ko da yake wanda ya matso kusa rubutu zai tarar, ba tsiraici ba.

A 2012 gidan adana kayan fasahar Afirka na Smithsonian da ke Washington ya baje kolin ayyukanta.