Tsohon Yamaha XS650: Yadda Ake Kwance Injinsa a Rage Masa Jijjiga

Ka ɗora tsohon Yamaha XS650 a kan jak ɗinsa na tsakiya a daɓen siminti, ka tayar da shi, ka ɗan murɗa totur. Za ka ga abin dariya: babur ɗin zai fara tafiya da kansa kaɗan-kaɗan, alhali ba kowa a kansa. Masu irin wannan babur a Amurka da Turai da Ostireliya sun daɗe da sanin haka, har ya zama abin zolaya a tsakaninsu. Sai dai a kan titi babu dariya a ciki. Bayan tafiyar awa guda hannu ya mutu, tafin ƙafa yana zugi, madubi ba ya nuna komai sai dishi-dishi. Noti na kwancewa, ƙwan fitila na ƙonewa, farantin lamba na tsagewa daga inda aka ɗaure shi.

Duk da haka mutane sun ƙi rabuwa da shi. Yamaha ta fito da shi ne a 1970 da sunan XS-1, kuma shi ne babur ɗinta na farko mai injin da ba a gauraya masa fetur da baƙin mai. Ta ci gaba da ƙera shi har cikin shekarun 1980. Silinda biyu ne a jere, cc 653, kuma kowa ya kalle shi ya san inda aka ɗauko fasalin: baburan Ingila irin su Triumph Bonneville da ya fito a 1959. Japanawa sun gyara abubuwa da dama. Tukunyar injin sun raba ta sama da ƙasa, don haka ba ta yoyon mai kamar ta Ingila, karanshaf kuma sun zaunar da shi a kan boris huɗu. Shi ya sa injin da ya haura shekara arba'in har yau ake kwance shi a mayar da shi sabo. Abu ɗaya ne suka gada daga Turawan Ingila ba su taɓa ba, shi ne jijjigar.

Daga ina take tasowa? A wannan inji fistin biyun tare suke hawa, tare suke sauka. Wuta ce kawai suke karɓa bi da bi, na hagu a wannan juyi, na dama a juyi na gaba. Wannan shi ake kira karanshaf mai digiri 360. Yana ba da ƙara mai daɗi, daidai wa daida, amma ta fuskar nauyi tamkar ƙaton inji ne mai silinda ɗaya. Idan injin yana juyi 6,000 a minti, kowane fistin yana tsayawa cak ya juya baya sau 200 a daƙiƙa ɗaya, kuma duka biyun a lokaci guda suke yin haka. Kowace tsayawa fizga ce, firam ne ke karɓarta, daga firam sai hannunka. Ƙarfin fizgar kuma ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudu. In ka ninka juyin inji sau biyu, fizgar sau huɗu take ninkawa.

Mai karatu zai ce to ai karanshaf yana da nauyin da aka ɗora masa a ɗaya ɓangaren don ya daidaita. Haka ne, amma akwai matsala. Nauyin nan zagaye yake yi, fistin kuwa sama da ƙasa kawai yake zuwa. In ka sa nauyin da zai shafe fizgar sama da ƙasa gaba ɗaya, sai ka haifar da wata fizgar gaba da baya mai ƙarfi iri ɗaya. Ba ka kashe ta ba ke nan, ka canja mata hanya ne. Don haka masu ƙera inji sukan zaɓi wani kaso na nauyin fistin su daidaita, su bar saura, kuma kason ya danganta da irin firam ɗin da injin zai zauna a ciki. Kamfanin Norton ya gaji da wannan lissafi, a 1967 ya fito da Commando, inda aka rataye inji da giya da ƙafar baya a kan roba. Injin na ta rawarsa, mahayi ba ya ji sosai. Ita ma Yamaha ta gwada sa ma'aunin daidaito mai juyawa a cikin TX750 a farkon shekarun 1970, abin ya zo mata da matsaloli, babur ɗin bai yi tsawon rai a kasuwa ba. XS650 mai jijjiga ya binne shi ya ci gaba.

Kafin a ɗauki sufana a kwance inji, akwai abin da ya kamata a faɗa, ko da masu sayar da kayan gyara ba za su so ji ba. Rabin jijjigar da ake kuka da ita a tsohon babur ba ta ƙira ba ce, ta sakaci ce. Kusoshin da suka riƙe inji a firam sun yi sako-sako. Kafireta biyu ba sa buɗewa daidai, silinda ɗaya na ja, ɗaya na bin baya. Taimin ɗin wuta ya goce. Ratar bawul ta canja, sarƙar kamshaf ta saki, robobin da ke ƙarƙashin kan babur da matakan ƙafa sun bushe sun zama kamar katako. Duk waɗannan aikin yini ɗaya ne ko biyu. Akwai kuma wata dabara mai araha: a canja faranti mai haƙora na tayar baya, daga mai 34 zuwa mai 32. Juyin inji a gudu ɗaya zai ragu da kusan kashi 6 cikin ɗari, fizgar kuma ta ragu da kusan kashi 11. Za ka ɗan rasa kuzarin tashi daga tsaye, amma a doguwar hanya hannunka zai gode maka.

In an yi wannan duka abin bai gamsar ba, ko kuma injin ya riga ya gaji yana shan mai yana hayaƙi, to sai a sauke shi. XS650 yana da wuraren da duk wanda ya saba da shi yake fara dubawa. Matatar mai ta ƙasan tukunya takan yage a gefe ɗaya, datti ya riƙa wucewa. Sannan in ka ga baƙaƙen ɓarɓashi kamar na roba a cikin tsohon mai, madogarar sarƙar kamshaf ta gaba ce ke ɓarewa, dole a canja ta. Daga nan sai awo. Ramin silinda milimita 75 ne daga kamfani. In ya cinye, ana faɗaɗa shi a mataki-mataki, rubu'in milimita, rabi, har zuwa milimita ɗaya, a sa fistin da ringi daidai da sabon faɗin.

A nan ne kwaɗayi ke shigowa. Akwai kayan da ake sayarwa masu kai ramin milimita 80, injin ya koma cc 744. Ƙarfi yana ƙaruwa, ba musu. Amma in fistin ɗin ya fi na asali nauyi, ka sayo ƙarin jijjiga da kuɗinka. Wanda laushin tafiya yake nema, sikeli ya fi masa amfani da babban fistin. A auna fistin biyun da fil ɗinsu da ringinsu, a auna sandunan kwanrod, a tabbata bambancin bai wuce giram ɗaya ba. Wanda ya fi nauyi sai a rage masa kaɗan daga ciki, inda ba zai raunana ba.

Sai babban aiki, wato karanshaf. Na XS650 ba dunƙulen ƙarfe ɗaya ba ne, gunduwa-gunduwa ne da aka matse su da injin matsi. Shekaru da zafi da duka sukan sa gunduwoyin su ɗan goce wa juna. Gyaransa shi ne a ɗora shi a kan mazauni biyu, a kafa agogon awo mai allura, a juya shi a hankali a ga inda allurar ke motsi, a buga da gudumar tagulla, a sake aunawa. Haka za a yi ta yi har gocewar ta koma 'yan ɗigo cikin ɗari na milimita, ƙasa da kaurin gashin kai. Aiki ne mai cin rai. Da yawa in sun gama sukan ɗiga walda a kan fil ɗin don kada ya sake motsi.

Wannan mataki ya kamata fitocinmu su kula da shi, na Magazin ɗin Suame a Kumasi ne ko na bakin titi a Tamale. XS650 ba kasafai ake ganinsa a wajenmu ba, amma ƙananan baburan da suka cika garuruwanmu, Honda CG125 da ire-irensa, karanshaf ɗinsu ma na matsi ne. Duk ranar da aka canja kwanrod, sai an raba shi an sake haɗawa. In aka haɗa da ido kawai ba agogon awo, mai babur zai karɓi abinsa ya ji yana kakkarwa fiye da da, boris ya mutu da wuri, a ce kayan ne jabu. Wani lokaci kayan lafiyarsu ƙalau, haɗin ne ya karkace.

Akwai kuma gyaran da ya wuce mayar da inji yadda yake, wanda masu XS650 suka fi yin gardama a kansa: canja wa fistin biyun lokacin haduwarsu. Tunanin ba sabo ba ne. Phil Irving, injiniyan Ostireliya da ya yi suna a kamfanin Vincent na Ingila, ya daɗe da ba da shawarar a karkata fil ɗaya da digiri 76, ta yadda lokacin da fistin ɗaya ya tsaya, ɗayan yana tsakiyar gudunsa. Kamfanoni ba su ɗauka ba sai da Yamaha ta fito da TRX850 a tsakiyar shekarun 1990 da karanshaf mai digiri 270. Yau kuwa shi ne yayi: Yamaha MT-07, Honda Africa Twin ta 2016, sababbin Bonneville, da Royal Enfield 650 duk haka suke.

Abin da ya sa XS650 ya dace da wannan aiki sa'a ce ta ƙira. Sandar da ta haɗa rabin karanshaf na hagu da na dama tana da haƙora 13. In ka raba, ka juya rabi ɗaya da haƙora uku, ka mayar, ka samu karkata ta digiri 83 ba tare da ka ƙera sabon ƙarfe ba. Shi ake kira 277. Wuta ba za ta ƙara zuwa daidai wa daida ba: bugu ɗaya, bayan digiri 277 na biyu, sai dogon jira na digiri 443. Ƙarar ma ta canja, ta koma kamar ta inji mai siffar V.

Amma fa kada a ruɗe ka. A lissafi, fizgar da fistin biyun ke haɗuwa su yi tana raguwa ne da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, ba ta ɓacewa. Ƙananan tsirkiyar nan mai kashe hannu a babban gudu ita ce ta fi raguwa, a madadinta kuma sai ɗan rangaji daga gefe zuwa gefe ya shigo, tunda yanzu hagu da dama ba sa ja tare. Sababbin baburan 270 da ake yaba laushinsu suna da sandar daidaito a ciki, wadda tsohon injin nan ba shi da wurin sa ta. Sannan aikin ba ya tsayawa a karanshaf. Kamshaf yana juyi rabin na karanshaf, don haka dole a yanka shi a juya rabi da digiri 41 da rabi a yi walda, ko a sayi wanda aka ƙera don haka. Kuskure kaɗan a nan, bawul ya gamu da fistin, aikin wata guda ya tashi a banza. Tsarin wuta ma sai an canja, kowace silinda ta samu nata siginar, domin kwayil ɗaya mai ba duka biyun wuta lokaci guda ba zai ƙara aiki ba.

A ganina, wanda ya mallaki XS-1 na farko-farko da fentinsa da lambobinsa na asali, ya bar shi a 360 ɗinsa. Ya daidaita karanshaf, ya auna fistin, ya gyara kafireta, ya haƙura da sauran. Masu tara tsofaffin babura asali suke biya, kuma yankakken kamshaf ba ya komawa. Wanda kuwa ya tsinci na ƙarshen shekarun 1970 da aka riga aka yi wa gyare-gyare, kuma hawa yake so ya yi kullum ba ajiya ba, 277 ba ɓarna ba ce, in dai yana da mai injin matsi da agogon awo da ya yarda da shi.

Kowanne aka zaɓa, ranar da aka tayar da injin ba ita ce ranar gwada gudu ba. Kilomita ɗari takwas na farko ana tafiya ne a hankali, ana sauya juyi, ba a barin injin ya daɗe a gudu ɗaya ko ya yi nishi a babbar giya. A zubar da man farko da wuri, a duba matata a ga abin da ta kama. In injin ya huce, a sake ɗaure notocin kan silinda da sufana mai awo, a sake duba ratar bawul, sannan a koma kan kafireta, domin saitin da aka yi musu kafin ringi ya zauna ba zai tsaya ba.